In likita ya ce maka "babu magani a cikin ƙwayar nan", za ka sha?

Dakta (Gusau):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ga wata magana da nake so mu tattauna, musamman ma'aikatan lafiya da malamanmu da ke zauren nan. An daɗe da sanin cewa in aka ba mara lafiya ƙwayar sikari ko ta sitaci, wadda babu sinadarin magani a cikinta, aka ce masa magani ce, sau da yawa yakan ji sauƙi. Ita ce likitoci ke kira filasibo. Aibinta ɗaya ne tun asali, sai an yi wa mutum ƙarya. To a 2010 wani malami a Jami'ar Harvard ta Amurka, Ted Kaptchuk, shi da abokan aikinsa, suka gwada cire ƙaryar. Sun samu mutum 80 masu fama da wani ciwon hanji mai naci, irin wanda ciki ke murɗawa yana kumburi, yau gudawa gobe bushewar ciki, amma in an duba hanjin ba a ganin komai. Aka raba su gida biyu. Gida ɗaya aka ba su kwalba, aka gaya musu ƙiri-ƙiri cewa babu magani a ciki, har a jikin kwalbar an rubuta, aka ce su riƙa shan biyu da safe biyu da yamma. Ɗaya gidan ba a ba su komai ba, amma an zauna da su an saurare su kamar na farko. Bayan sati 3, kashi 59 cikin ɗari na masu shan ƙwayar suka ce sun samu sauƙin da ya ishe su. A ɗaya gidan kashi 35 ne suka faɗi haka.

Tambayoyina biyu ne. Shin da gaske aiki take yi? In kuma tana yi, ya dace likita a Zamfara ya bayar da ita?

Baba Alhaji (Ƙaura):
Wa alaikumus salam. Ɗana Dakta, ni ban gane wagga magana ba. Mutum ya taso daga ƙauye, ya biya kuɗin mota, ya biyo hanya da kowa ya san halin da take ciki, ya wuni kan layi, sannan ka miƙa mai ƙwaya ka ce babu komi ciki. Mi ya raba wanga da raini? Mu abin da munka sani, magani shi ne abin da ke da magani.

Dakta (Gusau):
Allah ya ja kwana Baba. Ƙwayar dai ba ta da komai, amma jikin da ya sha ta yana da abubuwa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana sarrafa nata sinadaran rage raɗaɗi, danginsu ɗaya da mofin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi da ake bayarwa a asibiti. An gano haka a 1978 a San Francisco. Mutanen da aka cire wa haƙori aka ba su allurar da babu magani, wasu suka ji ciwon ya lafa. Sai aka ba su naloksan, maganin da ke toshe aikin mofin a jiki, ciwon ya dawo. Ke nan ba raya wa suka yi a ransu ba, wani abu ne ya faru a jikinsu wanda har ana iya toshe shi. Su waɗancan ba a gaya musu gaskiya ba. Abin da masu sabon binciken ke cewa shi ne jiki ya saba, tun muna yara in aka je asibiti aka sha ƙwaya sai sauƙi ya biyo baya, don haka yana iya amsawa ko da mai jikin ya san ƙwayar wofi ce.

Kuma ba sau ɗaya aka gwada ba. A 2016 a Lisbon ta Fotugal an yi da mutum 97 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka ƙara musu ƙwayar a kan magungunan da suke sha, suka ce ciwon ya ragu fiye da na waɗanda ba a ƙara wa ba. A 2021 an maimaita na ciwon hanjin da mutum 262 na sati 6, aka ga wanda aka gaya wa gaskiya da wanda bai san abin da yake sha ba kusan sauƙi ɗaya suka samu.

Sista (Mafara):
Dakta, da izininka. Ka lura duk abin da ka lissafo "suka ce" ne? Ni aikina a gefen gadon mara lafiya yake, kuma na san mutanenmu. Ka shiga ɗakin mata da safe ka ce "Inna ya jiki?" Wallahi ko kwana ta yi tana juyi, "da sauƙi, alhamdu lillahi" za ta ce. Sai ka zauna, ka sake tambaya, ka kawar da kai kamar ba ita kake jira ba, sannan za ta ce ai ba ta runtsa ba. Tarbiyyarmu ce, ba a yi wa Allah butulci, kuma ba a kunyata wanda ya yi ɗawainiya da kai. Yanzu ka ɗauki irin wannan matar, babban likita ya zauna da ita kwata na awa, ya yi mata bayani da fara'a, ya ba ta kwalba, bayan sati 3 ya tambaye ta ko ta ji daɗinta. Me kake jin za ta ce?

Turawa ma suna da irin nasu kara. Kuma a wannan bincike ba yadda za a rufe wa mutum ido, wanda aka ba kwalba ya sani, wanda aka ce ya tafi hannu wofi ya sani, kuma wataƙila ransa ya sosu. Sannan su wa suka zo? Waɗanda suka ga talla cewa ana neman masu son gwada wata sabuwar hanya ta haɗin jiki da tunani. Wanda bai yarda da irin wannan ba ai ba zai ma buga waya ba.

Dakta (Gusau):
Duk abin da kika faɗa haka yake Sista, kuma su kansu masu binciken ba su ɓoye shi ba. Bari ma in ƙara miki hujja. A 2011 an yi wani gwaji da masu asma a Boston. Wata rana a ba mutum abin shaƙa na gaske, wata rana na wofi ba tare da ya sani ba, wata rana a bar shi haka nan. Da aka tambaye su, sun ce na gasken ya kawo sauƙin kusan kashi 50, na wofin kusan 45. Ka ce kunnen doki. Amma da aka sa su hura na'urar auna numfashi, na gasken ya buɗe huhu da kashi 20, na wofin kashi 7, daidai da ranar da ba a ba su komai ba. Mutum yana jin ya warware alhali hanyar iskarsa tana nan a tsuke, kuma irin wannan ne ke kwana a gida har abu ya ɓaci. A Essen ta Jamus ma a 2019, masu ciwon baya 127, sun ce ciwo ya ragu, amma motsin ƙashin bayan da aka auna bai canza ba, kuma da aka waiwaye su bayan shekara 3 ba a ga wani bambanci ba.

Don haka iyakar abin a fili take. Tana taɓa yadda mutum ke jin ciwo, da tashin zuciya, da kasala. Ba ta kashe ƙwayar cuta, ba ta sauke sikari, ba ta ƙara jini.

Ɗan Anka:
To ni a nan tsorona yake. Ina yaro lokacin gubar dalma ta 2010, amma duk wanda ya tashi a yankinmu ya san abin da ya faru a Dareta da Abare da Bagega, da Yargalma ta Bukkuyum. Yara suna ta jijjiga suna mutuwa, da farko ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, ana ta ba su maganin da ba na cutarsu ba. Sai da aka auna jini sannan aka gane dalma ce daga dutsen zinaren da ake daka a cikin gidaje. Sama da yara 400 suka rasu. Abin da ya ceci sauran shi ne maganin da ke janye dalma daga jini da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka kawo, da kwashe ƙasar gidajen. Mu matsalarmu ba rashin ƙwayar wofi ba ce Dakta, rashin awo ne. Mutanen gwajin Harvard ɗin nan an gama duba su tsaf an tabbatar babu wata muguwar cuta kafin a ba su kwalbar. Mu wa zai duba mu?

Mai Kemis (Tsafe):
Ku yi haƙuri manya, bari in faɗi abin da ke faruwa a kan kanta. Wannan abin da kuke muhawara a kai ana yin sa kullum, sai dai ba a faɗa. Mutum zai zo da gajiyar noma, abin da yake bukata hutu ne da abinci. Ka ce ya je ya huta, sai ya ce ba ka san aiki ba, ya wuce shago na gaba. Shi allura yake so, kuma mai zafi, ko a sa masa ruwa mai launin ɗorawa. Ana ɗaura masa ledar, tun ba ta kai rabi ba zai ce ƙarfi ya fara dawowa. Mai mura kuma ja da yalo yake nema, ko ƙwaya huɗu ce. To in har akwai hanyar da zan ba shi abin da ba zai cutar da shi ba kuma ba ƙarya, ni ina maraba.

Famasis (Gusau):
Ƙanena, na gode da ka faɗi gaskiya, domin nan ne ainihin maganar take. Ba mu kaɗai ba ne. A wani bincike na 2008 a Amurka, kusan rabin likitocin da aka tambaya sun ce suna rubuta irin wannan a kai a kai, yawanci bitamin ko maganin ciwon jiki. A Birtaniya a 2013, kashi 97 na likitocin da aka tambaya sun ce sun taɓa yi. Amma ka san abin da kake bayarwa ba wofi ba ne. Ja da yalo maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba ya yi wa mura komai, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cutar da ke jiki yadda za su jure masa, ranar da yaro ya kamu da ciwon huhu na gaske a ba shi ya ƙi ci. Allurar da ba a bukata tana jawo ƙurji, tana taɓa jijiyar ƙafar yaro ya rinƙa ɗingishi, in an maimaita sirinji kuma ga ciwon hanta. Sannan kuɗin da mutumin ya bayar na hatsin gidansa ne. Idan za a auna ƙwayar sikarin da aka faɗi gaskiya a kanta da ledar ruwan da aka yi shiru a kanta, ta farkon ta fi tsafta nesa ba kusa ba.

Duk da haka ina da fargaba ta daban, zan kawo ta in Malam ya yi magana.

Maman Ummi:
Allah gafarta Malam, ni tambayata, wannan ba kamar tofi da rubutun sha ba ne? Mutum ya sha da yaƙini ya ji sauƙi.

Malam (Bunguɗu):
Hajiya, kada mu haɗa su a mizani ɗaya. Ruƙiyya da Alƙur'ani addu'a ce da ibada, tana da nassinta, mai yin ta roƙon Allah yake. Wannan kuwa sababi ne na duniya, ana auna shi da gwaji, in ya tabbata a karɓa, in bai tabbata ba a ajiye.

Game da hukunci, abin da na fahimta daga bayanin Dakta shi ne an cire babbar matsala. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, hadisin yana cikin Muslim. Mara lafiya amana ne a hannun likita, kuma kyakkyawar niyya ba ta mayar da ha'inci gaskiya. In an gaya masa komai ya yarda, babu ha'inci. Amma sharuɗɗa biyu sun rage. Na farko kada ta hana shi neman maganin da cutarsa ke bukata, domin ba a cuta kuma ba a cutarwa. Na biyu maganar kuɗi. Allah ya hana cin dukiyar mutane da ɓarna. Wanda ya sayar da sikarin naira goma a farashin magani, ko da ya rubuta sikari ne a jiki, in ya san mai sayen bai iya karatu ba ko bai fahimta ba, bai kuɓuta ba. Wallahu a'alam.

Sista (Mafara):
Allah ya saka Malam. Wannan "bai fahimta ba" ita ce ke damuna. A binciken 2010 ba miƙa kwalba kawai aka yi ba. An ce wa mutanen tasirin ƙwayar wofi yana da ƙarfi, jiki yana iya amsawa da kansa, ba dole sai ka yarda ba, amma dole ka riƙa sha a kan lokaci. To kalmar farkon nan gaskiya ce tsantsa, ko an ɗan sa mata gishiri? A 2001 wasu masu bincike biyu na Denmak sun tattara gwaje-gwaje sama da 100, suka ce tasirin ba shi da girman da ake zuzutawa, an fi ganin ɗan abin da ke akwai a wajen ciwo. In ka gaya wa mara lafiya wannan ɓangaren ma, ƙwayar za ta yi aiki? In kuma ka ɓoye, ina gaskiyar da ake tinƙaho da ita?

Sannan yardar. Matar ƙauye da mijinta ke tsaye a bayanta, likita ya ce kin yarda, za ta ɗaga kai ne kawai. A zuciyarta kuwa cewa za ta yi likita wasa yake, ko tawali'u ne, ai ba zai ba ni abin banza ba. Ta koma gida da yaƙinin magani ta sha. Likita bai yi ƙarya da baki ba, amma ita a ruɗe ta tafi.

Baba Alhaji (Ƙaura):
Ɗiyata ta hwaɗi gaskiya. Kuma ba irin wanga gwaji na anka yi ma ɗiyan Kano ba?

Dakta (Gusau):
A'a Baba, na Kano daban ne. A 1996 lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a kan yara, su 200 ne a gwajin, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani sanannen magani. Babu ƙwayar wofi a ciki. Yara 11 suka rasu. Abin da iyaye suka kai ƙara a kai shi ne ba a yi musu bayani ba kuma ba a nemi yardarsu ba, kamfanin ya musanta, daga baya a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma na gane abin da Baba ke nufi. Bayan shekara 7, a 2003, aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa har da Zamfara, kuma labarin Trovan yana cikin abin da ake kafa hujja da shi. Yara da yawa sun shanye a dalilin haka. Sai a 2020 aka tabbatar an raba nahiyar Afirka da ainihin ƙwayar cutar.

Baba Alhaji (Ƙaura):
To ka gani. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yakai. Ranar da anka ji a kasuwa cewa asibiti na ba mutane ƙwayar da babu komi, babu mai jin ƙarshen labarin cewa an gaya musu. Cewa za a yi an daina ba talaka magani.

Famasis (Gusau):
Baba ya taɓo fargabar tawa. A ƙasar nan ƙwayar da babu komai a ciki ba baƙuwa ba ce, jabu muke ce mata, kuma ta kashe mutane. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan magani 1 cikin 10 a ƙasashe irin namu jabu ne ko mara inganci. Marigayiya Dora Akunyili ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 tana wannan yaƙi, har harbi aka kai wa motarta. Mun sha wuya kafin mutane su fara duba lamba a jikin kwali. Yanzu mu da kanmu mu fito mu ce wofin ma yana aiki? Mai tallar magani da lasifika a tasha zai ɗauki rabin maganar ya ce ai likitocin Amurka ma sun tabbatar. Ni in za a yi, kada ta shiga shago ko kaɗan. Hannun likitan da ya duba mutum kawai, kuma kyauta.

Maman Ummi:
Ku bari mai ciwo ma ta yi magana. Na daɗe da ciwon baya tun haihuwata ta ƙarshe. Dikilofenak nake sha har cikina ya fara zafi, wata maƙwabciya ta ce in gwada tiramol, na ƙi saboda na ga abin da ya yi wa yaran unguwa. Kullum aka je asibiti, kafin ka gama zama an gama rubutu. Ni in likita zai zauna ya saurare ni, ya ce Hajiya na duba ban ga abin tsoro ba, ga wani abu da babu magani a ciki amma wasu sun ji daɗinsa, ki gwada sati 3 ki dawo, wallahi zan karɓa. Ba zan ji an raina ni ba. Rainin shi ne a rubuta maka abu ba a ko kalle ka ba. Kuma Sista, ba duk macen da ta ɗaga kai ce ba ta gane ba.

Sista (Mafara):
Haka ne Yaya, kuma irinki ce ta dace a tambaya. Amma ki duba abin da kika fara nema, a zauna a saurare ki, a duba ki. A binciken nan ma waɗanda ba a ba komai ba, sauraro kawai, kashi 35 sun ce sun samu sauƙi. Wannan ba sai an jira wani bincike ba, sai dai likita ɗaya da layin mutum ɗari a ƙofa ba shi da kwata na awa ga kowa.

Dakta (Gusau):
Hajiya, kafin komai ki dakatar da dikilofenak ɗin nan ki zo a duba ki, yana cin ciki kuma yana taɓa ƙoda in an daɗe ana sha. In akwai rama, ko zazzaɓi da gumin dare, ko ƙafa na sanyi tana mutuwa, ko fitsari na kuɓucewa, kada ki jira ko kwana ɗaya. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma muna ganinsa a nan.

Ni matsayina bayan jin ku, ba zan fara bayar da ita a ɗakin duba marasa lafiya ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta mana gaya wa mara lafiya halin da yake ciki da zaɓin da yake da shi, kuma a yanzu ba ni da hujja daga mutanenmu da zan ɗora masa a gaba. Amma ina ganin ya cancanci a gwada shi a matsayin bincike, da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, a kan masu ciwon bayan da aka riga aka tantance, bayani da Hausa, kuma a faɗi har da raunin hujjar kamar yadda Sista ta nema. Kada a tsaya kan "ya jiki". A ƙirga ƙwayar maganin ciwo nawa mutum ya sha a sati, kwana nawa ya iya zuwa gona ko kasuwa.

Sista (Mafara):
Kuma mai tambayar kada ya zama likitan da ya ba da kwalbar. Mata a sa mace ta tambaye su, ba a gaban miji ba. Kafin mutum ya sa hannu a ce ya maimaita da bakinsa abin da ke cikin ƙwayar, in ya ce magani ne, a sake bayani ko a bar shi.

Mai Kemis (Tsafe):
To mu fa Dakta? Gobe da safe mai neman allurar ƙarfi zai zo.

Famasis (Gusau):
Ka duba idonsa da tafin hannunsa ko jini ya yi ƙasa, ka yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro na tsinke, ka auna hawan jini. In ka ga abu, tura shi asibiti. In ba ka gani ba, gaya masa abin da ka duba ɗaya bayan ɗaya, ka ce allura ba za ta ƙara masa komai ba, ya dawo bayan kwana 3 in bai ji daidai ba. Wasu za su wuce shago na gaba, wannan ba makawa. Ka turo mini lambarka ta akwatin sirri, akwai takardar alamomin da ba a riƙe mara lafiya a kansu, in aiko maka ka manna a bango.